Mijin Malama Lalita Tulu Ne, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Maigirma Jami'in Ilmi mai kula da shiyyarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofis. Sunana Asabe Ɗanjuma, metiron a makarantar 'yan mata ta kwana a nan ƙasar Gummi, shekarata tara a bakin aiki. Na biyo ta jarida ne saboda takarda biyu na aika ofishinka ba amsa, lokaci kuma yana ƙurewa.

Kukana shi ne, ofishinka ya hana Malama Lalita, 'yar Indiyar da ke koya wa yaranmu lissafi, hutun mako uku na zuwa gida ɗaurin aurenta, wai ta riga ta yi aure a watan jiya. Ni kuma an aiko mini da takardar tuhuma kan fitar da ɗalibai zuwa wancan bikin. Biki kam an yi, ni ce ma na rangaɗa guɗar farko. Amma ranka ya daɗe, angon tulu ne.

Na ɗaya. A al'adarsu, da an haifi yaro masu duban taurari ke rubuta inda kowane tauraro yake a wannan sa'a, kuma ba a aure sai an gwada takardar namiji da ta mace. A tata takardar, jan tauraron nan da suke kira Mangal ya zauna a gidan aure. Sun ɗauka mace irin wannan, mijinta na fari ba ya daɗewa. Gida shida aka nemi aurenta, duk da sun ga takarda sai su janye jiki. Shekara huɗu ina shan shayi a ɗakinta, na san yawan hawayen da wannan takarda ta sha. Ni Musulma ce, na san rai da ajali a hannun Allah suke, na kuma faɗa mata haka. Sai dai ba ni zan aure ta ba.

Na biyu. Bara Allah ya kawo Mista Mohan, shi ma ɗan Indiya, malamin kimiyya a Anka, ya ce shi ya ji ya gani. Uwarsa ce daga can ta kafa sharaɗi: a fara ɗaura wa Lalita aure da sabon tulu, a fasa shi, sharrin tauraron ya bi shi, ɗanta ya shigo a matsayin miji na biyu. Wani dattijonsu da ke koyarwa a Bukkuyum ya yarda zai zo ya yi musu karatun.

Na uku, nan ne laifina. Malama ta roƙe ni in samo mata tulu, ta ce ranar Alhamis za a yi ɗan abin aurenta a tsakar gida, shiru-shiru. Ranka ya daɗe, a ina aka taɓa aure shiru a Gummi? Na ga yarinya ba uwa ba uba a kusa, sai na tsaya mata a matsayin uwa. Ban tsaya jin bayani ba, na ɗauka tulun na kayan ɗaki ne. Na gaya wa matan kicin, su kuma suka gaya wa gari. Daga hantsi an dama fura, an soya waina, 'yan aji biyar sun kwaɓa lalle, ga mai kalangu ya iso. Shugabar makaranta ta ba da hutun rabin yini, ta rubuta a littafin makaranta cewa saboda auren Malama ne. Wannan layin sufetonka ya karanta ya kai maka.

Da muka shiga, sai ga amarya cikin jan sari, zanen nan na matan Indiya, ga ango a kan tabarma an rataya masa furanni, an ɗiga masa ja a goshi. Muka yi ta leƙen ƙofa muna jiran Mista Mohan. Inna Tumba maginiya, wadda na karɓo tulun a wurinta, ita ta fara ganewa. Ta riƙe baki ta ce, "Asabe, wanga ba tuluna ba na? Shekara talatin ina gini, ban taɓa gina ango ba sai yau." Dariya ta kece har dattijon ya rasa inda ya tsaya a karatu. Malama ta rufe fuska don kunya, can sai muka ga kafaɗunta na rawa, ashe ita ma dariyar take yi. Aka kai ango bakin gulbi da kiɗa, aka fasa shi. A hanyar dawowa mata na yi mata gaisuwar rashi, tana amsawa da "Na gode" tana cin waina. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba.

Na huɗu. Ranar auren gaske masu duban nasu sun tsayar da ita, saura kwana goma sha takwas, kuma ba a matsar da ita. In ta wuce sai baɗi, uwar miji kuwa ta ce ba za ta jira ba. Mista Mohan ya samu nasa hutun daga wannan ofis naka. Ke nan ango zai hau jirgi a Kano, amarya tana nan tana gyaran jarrabawa.

Don haka ina roƙo a sa hannu a hutun Malama Lalita cikin makon nan, kuma a gyara fayil ɗinta ya nuna ba ta da miji. Takardar tuhumata kuwa na karɓa, ni na tara mutane, a yi mini faɗa ni kaɗai. In ana son shaida, Inna Tumba ta ce a shirye take ta zo har ofis, don ita ce uwar marigayin.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya raya maka zuri'a, ya nuna maka auren 'ya'yanka mata ba tare da wani ya tsaya musu a hanya ba. Ka tambayi akawunka takardata ta biyu. A cikin ambulan ɗin akwai ɗan katangar tulu ja mai faɗin tafin hannu, kada ya zubar. Abin da ya rage na mijin da ofis ke magana ke nan.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Asabe Ɗanjuma,
Gummi.