Tazarar Maki Biyu

Greensboro, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Daso,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki? Don Allah ki rage hawa benen nan.

Yaya, ɗanki Muzammil ya samu aiki a Seattle, can ƙarshen ƙasar nan, ranar Lahadi zai tafi. Murna ya kamata in yi, amma jiya a kicin ya faɗa min maganar da ta hana ni cin abinci. Wai bai ga abin da zai dawo da shi gidan da ba a san sunansa ba. Kin san Malam da kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi yaron nan bai taɓa kiran sunansa ba, daga "kai" sai "wancan". Ni makaranta da asibiti sun daɗe da cire min wannan kunyar, shi kuwa ko gezau. Har a masallaci Baban Ilham ake ce masa, alhali Ilham ƙanwa ce. Na yi wa yaron bayani har bakina ya gaji cewa haka ake yi a gida, ba ƙiyayya ba ce. To wanda ya tashi yana ganin iyayen abokansa suna rungume su a ƙofar makaranta, me zai gane?

Tanis kaɗai ke haɗa su. Kin san aikin Malam ke nan, ɗaure igiyar raket a kulob ɗin masu hali na Irving Park, kuma shi ya koya wa yaron wasan. In suna kallo sai ki rantse abokai ne, ana kashe talabijin kowa ya kama gabansa.

Na tsare Malam har ya yi min alkawari. Lahadin akwai wasan ƙarshe na babbar gasar New York. Za su kalla tare, ana tashi zai kira shi da sunansa ya sa masa albarka, kafin abokinsa Nanven ya zo ya kai shi filin jirgi. Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Bebi

Greensboro, ranar Talata

Yaya Daso,

Sallama da fatan alheri. Na gode da addu'a, ki gaida mutanen gida. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce dai babu daɗi.

Wasan ya ƙi tashi, Yaya. Wanda ya fara cin zagaye uku, abin da suke kira set, shi ke ɗaukar kofi, kuma Malam ya tabbatar min ɗan wasansa, wani dogo da ya fara manyanta, zai gama da yaron da Muzammil ke goyon baya tun kafin la'asar. Ina! Wannan ya ci, wancan ya rama. Kusan kowane set sai sun yi kunnen doki shida da shida, sannan a shiga abin da suke kira taibirek, inda ba a tashi sai wani ya ba wani tazarar maki biyu. Ina kicin ina jin su suna gardama kan ko ƙwallo ta taɓa layi, har dariya na ji Malam ya yi.

Da aka gama set na huɗu, biyu da biyu, Malam ya duba agogo, ya ɗauki rimot ya kashe murya, ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ilham ce ta ba ni wannan labarin daga baya. Ni ban sani ba, sai ga ni da tire niƙi-niƙi, ina faɗan shinkafa ta huce, yaro zai hau jirgi da yunwa. Kafin in gama zuba miya an dawo fili, Malam ya mayar da murya. Wallahi in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Da na tsaya wanke cokali ɗaya ma, da ya faɗa.

Set na biyar ma taibirek aka je, wanda ake kai wa maki goma. Ana cikinsa Nanven ya iso yana danna hon, ga cunkoson titin Wendover yana jiransu. Muzammil ya rataya jaka ya tsaya a bakin ƙofa. Ba talabijin yake kallo ba, ƙeyar ubansa yake kallo. Tara da tara, goma da goma, maki biyun nan sun gagara. Na zunguri Malam. Ya juyo, na ga ya tattaro sunan har bakinsa. Abin da ya fito shi ne, kai, Allah ya kiyaye hanya. Yaron ya ce amin, ya ja ƙofa.

Motar ba ta bar layinmu ba aka tashi. Ƙwallon dogon ta fita da abin da bai kai faɗin farce ba, sai da na'ura ta nuna aka yarda. Malam bai ko motsa ba. Can na ji ya furta sunan a hankali, cikakke, kamar yana gwada shi a baki. Ni da Ilham kaɗai muka ji.

Bayan magariba wayar Ilham ta yi ƙara, yayanta ne daga filin jirgi. Duk tsawon zamansa a jami'a, in aka yi babban wasa ubansa yake bugo wa ya ji yadda aka ƙare. Wannan karon ƙanwarsa ya tambaya wa ya ci. Malam yana zaune a gefenta, tasa wayar a hannu, ya riga ya goge gilashinta da bakin riga.

Ki gaida Alhaji da yara. Ki sa su biyun a addu'a.

Ƙanwarki,
Bebi