Baba, Na Harba Dattijiya Ranar Ganin Wata

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Mai Bindiga, wanda ya riga mu gidan gaskiya shekara shida ke nan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Ni ne Bala, autanka, mai sayar da yadi a kasuwar Gusau. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana ya ji ta yadda za ka ji ta. Baba, na yi ɓarna, kuma da bindigarka na yi ta.

Ka san yadda kake yi da Dattijiya, bindigar adakar nan da ka gada wurin kakanmu. Ran ashirin da tara ga azumi, ana idar da la'asar za ka sauko da ita, ka goge ta da man gyaɗa har itacen ya yi sheƙi. Ka zuba albarushi a tafin hannu ka auna da ido, ka ɗura, ka tura tsumma da sandar ƙarfe ka daddanna. Ba ka sa ko ƙwayar dalma. Kakan ce, "Wanga ɗuri na albishir ne, ba na jini ba."

Da liman ya tabbatar an ga wata, sai ka hau dutsen bayan masallaci ka ɗaga bakinta sama. Kafin hayaƙin ya watse mata sun ɗauki guɗa. Har ƙauyukan wajen Kucheri da ƙararta suke sanin gobe salla.

Tun da ka tafi tana rataye a ɗakin Inna cikin buhu. Yaya Sani bai taɓa sauko da ita ba, ni kuwa a raina ina cewa lalaci ne irin nasa. Sau biyu nake zuwa gida a shekara, in kwana ɗaya in juya. Na san da mutanen daji, wa bai sani ba? Abin da ban sani ba shi ne garinmu ya yi sulhu da su bara, aka bar mu mu yi noma, bisa sharaɗin kada a sake jin ƙarar bindiga daga cikin gari. Irin wannan magana ba a yin ta a waya, ko a zaure ma sai an waiga. Amma kada in yi maka ƙarya, ko ba a faɗa mini ba ai ina da hankali. Ban yi aiki da shi ba ne.

Ran ashirin da tara ga azumin bana ina gida, Yaya ya tafi Tsafe cefanen salla. Inna tana kwance, ƙafafunta sun kumbura, ina yi mata fifita sai ta ce, "Salla dai ta bi babanku, yanzu sai dai a ji a rediyo." Na ci gaba da fifita. Da barci ya ɗauke ta na sauko da buhun. Albarushinka yana nan cikin ƙaho, busasshe kamar jiya ka zuba. Na yi komai yadda na ga kana yi, ko mataki ɗaya ban tsallake ba.

Da aka ce an ga wata na hau dutsen. Baba, bugu ɗaya ta tashi. Shekara shida a rataye, ko gardama ba ta yi ba. Wallahi na ji daɗi, har na ɗaga kai ina jiran guɗa.

Ba wanda ya yi guɗa. Shiru ne ya fara biyowa, sannan gudu. Daga kan dutsen na ga mata suna fita ta bayan danga da goyo, an bar kunu da ƙosai a kan tabarmi, sahun magariba ya watse. Wata tsohuwa ta faɗa kwazazzabo ta karye a ƙugu. Ina ta kiran ni ne, Bala ne, wata aka gani, ba mai juyowa. Washegari sahu biyu aka yi a idi.

Maigari bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Dubana kawai ya yi ya ce, "Mi ka yi muna, Bala? Mu da ko tari a hankali muke yin shi."

Kwana biyu da salla mutanen daji suka kira shi a waya. Sun ce an karya sulhu, gari ya ajiye 'yan sa-kai. Ya rantse musu ɗurin banza ne na ganin wata. Suka ce to, a kawo bindigar da wanda ya harba ta ran Juma'a, in ba haka ba bana ko irin gero ɗaya ba za a sa a ƙasa ba, kuma abin da ya biyo baya mu muka saya. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane sun gama sharar gona. Juma'ar gobe ce, Baba.

Yaya ya nemo wata tsohuwar adaka a Bungudu don a kai a madadinta. Maigari ya hana. Ashe babban mutanen dajin a nan kusa ya tashi, ya ce yana yaro ya san muryar bindigar Mai Bindiga, zai ɗura ta da kansa ya harba ya ji. Ka ji fa. Shi ma da Dattijiya ya san salla.

Sai Yaya ya ce in hau mota in koma Gusau, shi zai je ya ce shi ne ya harba. Yana da 'ya'ya bakwai, shi ke riƙe da Inna, kuma shi bai taɓa ko buhun ba. Ta yaya zan zauna a shago ina auna yadi, ana auna ransa a daji saboda ni? Na ce masa a'a. Rabona da in musa masa magana tun muna yara.

Inna ba ta yi kuka a gabana ba. Tun shekaran jiya take maimaita abu ɗaya, wai bakinta ne ya ja. Na rantse mata ba ita ba ce, ba ta ji. Hauwa kuma, matata, tana ta kira daga Gusau, na ce mata jikin Inna ne ya riƙe ni. Cikinta wata bakwai, ban iya faɗa mata ba.

Tsoro nake ji, Baba. Ba zan ɓoye maka ba. Ko abinci ba na iya ci. Kai da ka shiga dajin nan kai kaɗai da adaka mai ɗuri ɗaya, da me kake riƙe zuciyarka? Ka koya mini auna albarushi, wannan kam ba ka koya mini ba.

Ɗazu na goge ta da man gyaɗa. Ban san dalili ba, na dai ƙi a gan ta da ƙura. Kakan ce Dattijiya ba ta kwana gidan wani, ko aro ba ka taɓa bayarwa ba. Gobe da hantsi ni zan saɓa ta a kafaɗa in miƙa ta da hannuna. In sun karɓe ta sun sake ni, zan zo kabarinka hannu wofi in ba ka haƙuri. In ba su sake ni ba, zan ba ka haƙurin baki da baki.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba tsohuwar nan da ta karye lafiya, Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya sauki Hauwa lafiya. Allah Ya sa mutanen garinmu su yi shuka bana, kada Ya kama su da wautata.

Ɗanka da bai yi tambaya ba,
Bala.