Asabar ɗin da Miriyam ta ɗauki waya

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa a makwancinki na Barmu, 'yarki Rabi ce ke rubuto miki daga barandar wani asibiti a Marseille. Baba yana ciki, an rufe ƙofa, an ce in jira. Hankalina ba a kwance yake ba, ki yi haƙuri in zancen ya watse.

Bayan rasuwarki na ɗauko shi daga Tahoua saboda ciwon zuciyarsa. Duk Asabar nakan bar shi a bene hawa na shida in tafi aikin sharar ofisoshi, ga shi ko kalma ɗaya ta Faransanci ba ya ji.

A unguwarmu akwai 'yan makaranta, yaran Yahudawa, da suka raba wa kansu gidajen tsofaffi, suna zuwa taya su zama. Wadda ta faɗo mana Miriyam ce, shekararta sha shida. Ran farko Baba ya mai da ita Maryama, har yau bai gyara ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Inna, raina bai so ba. Kin san halina, ke ce ma kike cewa, "Rabi, ba ki tsayawa ki ga mutum kahin ki yanke mishi." Ga abin da ake nunawa a talabijin, ga Yaya Sani yana bugo waya daga Tahoua yana faɗa, wai na bar mahaifinmu a hannun baƙi.

Shi kuwa Baba ko a jikinsa. Ya koya mata dara da ƙwallon dabino, tana cinye shi yana cewa sa'a ce. Da ya ji ba ta cin alade, sai da ya yi kwana uku yana ba ni labari.

Asabar ranar hutun addininsu ce. Ba ta danna ƙararrawa, da hannu take buga ƙofa. Ba ta kunna fitila, ba ta shiga mota, hawa shidan nan da ƙafa take yinsa. Waya kuwa ko ɗauko ta ba ta yi daga gida. Na sha yi mata dariya a zuci.

Jiya na yanke shawara: yau in na dawo zan ce mata mun gode, ta daina zuwa.

Ƙarfe sha ɗaya ina goge tebur lambar Baba ta shigo. Na ɗauka, sai na ji muryar Miriyam. Wallahi Inna, kafin ta ce komai na yar da tsumman da ke hannuna. Yarinyar nan da waya a hannu, ranar Asabar? Na san ba lafiya ba.

Ashe Baba ne ya yanke jiki ya faɗi suna tsakiyar dara. Ta kira motar asibiti, ta yi ta danna masa ƙirji yadda aka koya musu har ma'aikata suka hawo, ta shiga motar ta biyo shi. An koya mata cewa ran mutum yana gaba da hutu.

Na iske ta a nan, ƙwallon dabino ɗaya a damƙe a hannunta, ta ma manta da shi. Na rungume ta na fashe da kuka, kunya kamar in nutse. Da na ce in sa ta a taksi ta girgiza kai, wai tunda na iso, dokar hutun Asabar ta dawo kanta. Yanzu haka ina hango ta ta taga, ta kama hanya a ƙasa, gidansu kuwa tafiyar awa guda ce.

Har yanzu ƙofar ba ta buɗe ba, Inna. Ban sani ba ko mijinki wurina zai dawo ko wurinki zai taho.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya tashi kafaɗar Baba. Allah Ya kai yarinyar nan gida lafiya, Ya yafe mini maganar da na kwana da ita a baki.

'Yarki mai kewarki,
Rabi