Abin da Jolame Ya Zuba Mini a Kwamfuta

Litinin, 3 ga Yuni

Jolame ya dawo mini da kwamfutata, wai har da godiya. Ina kunna ta ta daskare. Kibiya ba ta motsi, fanka na gurnani, ƙasanta da zafi kamar dutsen guga. Asabar ta sama ne daren ɗari da rasuwar Nana, mahaifiyata, kuma ni na yi wa dangi alkawarin haɗa hotunanta a haska a zauren coci. Hotuna kawai. Muryarta ba ni da ita ko ta minti ɗaya.

Da kerekere ya karɓe ta, roƙon al'adarmu da ba a ƙi wa ɗan'uwa, a gaban Kawu, ya san ba halin in hana. Ɗan kawuna ne, taubashi, komai nasa wasa. Wannan karon zai ga wasa.

Talata, 4 ga Yuni

Hoto uku na jera ta sake tsayawa. Na yi kuka don haushi, ba don Nana ba, sai abin ya ƙara ba ni haushi.

Laraba, 5 ga Yuni

Arieta, malamar lissafi a makarantarmu, ta nuna mini tagar da ke tona asirin abin da ke aiki a ciki. Ga ɓarawon a sahun farko: wata manhaja mai suna kamar na maganin tari, ta cinye mamori kusan duka, ƙwaƙwalwar na'urar kuma ta kai maƙura. Arieta ta ce, "Ba ke kika sa ba? To kashe ta." Na danna da ƙarfin da ya fi na bukata. Nan take kwamfuta ta dawo hayyacinta.

Na tabbata ta kallon wasan rugbi ce ta sata.

Alhamis, 6 ga Yuni

Duk kunnawa sai ta taso da kanta. Ta taso in kashe, ta taso in kashe. Har na fara jin daɗin abin, ina kiran sunan Jolame ina dannawa.

Asabar, 8 ga Yuni

Na rama! Maza sun zauna shan yaqona, abin shanmu na gargajiya, a gidan Kawu a Nausori, Jolame yana rungume da gitarsa yana yi wa 'yan mata iyayi. Na shiga na durƙusa kamar mutuniyar kirki, na ce, "Taubashi, kerekere, gitar nan nake so." Wuri ya kaure da dariya. Fuskarsa! Ya ce, "Haba Vasemaca, ke da ko tafi ba ki iya ba?" Na ce, "Rataye ta zan yi a kicin, hayaƙi ya koya mata waƙa." Ya miƙo da hannu biyu yana murmushin dole.

Tana saman kabad. Na yi barci mai daɗi.

Laraba, 12 ga Yuni

Na gaji da kashewa, na ce yau zan tumɓuke manhajar gaba ɗaya. Kafin ta goge sai ta tambaye ni yadda za a yi da aikin da ba a gama ba. Sunan aikin: Gwaggo Mereoni. Nana ke nan.

Na buɗe. Shuuu, ƙarar tsohon kaset, can ƙasa wata mace tana jan baitin coci. Na san inda take jan numfashi.

Na kira Jolame. Wai a akwatin tsohon mai koyar da mawaƙan coci ya tsinci kaset ɗin, ya kai aka juye, manhajar kuma tana wanke ƙarar ne a hankali, waƙa bayan waƙa. In aka katse ta sai ta koma farko. Ya ce, "Ina fata ba ki taɓa ta ba." Na ce me ya hana shi faɗa mini. Ya ce, "In faɗa miki ki ce na yi abin kirki? Ina zan kai wannan kunyar?"

Sakarai. Mako guda ina kashe muryar uwata saboda bakinsa ya yi nauyi. Ban yafe ba.

Alhamis, 13 ga Yuni

Na ɗora kwamfutar a kan bulo biyu, na juya mata fankar ɗaki. Ba mai taɓa ta. Hotunan a kwamfutar Arieta nake haɗawa.

Lahadi, 16 ga Yuni

Waƙa ɗaya ta samu gamawa cikin tara. Ita aka sa jiya a taron daren ɗarin. Kawu ya rufe fuska da hannu, bai buɗe ba har aka gama. Jolame yana can baya wajen ramin gasa nama, yana yi kamar hayaƙi ne ya shige masa ido.

Sauran takwas suna kan hanya, kwamfuta na ta gurnaninta, na bar ta.

Gitar tana nan, ban mayar ba, kada ya ɗauka an huce. Na dai sauko da ita daga kabad saboda ƙura. Tsirkiyoyin sun yi tsatsa, na sa an canza, don ba na son ganin tsatsa a gidana.