Batirin da Aka Binne Cikin Rairayi

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Faransa? Yaya Anti Hadiza da yara? Mu nan Dewule lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero kuma ya shiga rumbu.

Zancen motar wasa mai telekomandi, wadda ake tuƙawa daga nesa, da ka aiko wa 'yan ajina ne. Yadda ka ce haka nake yi: batiran litiyom ɗin da rabin sharji nake ajiye su, cikin tukunyar ƙasa mai rairayi, a inuwa. Da zan tafi hutu na bar wa Mushe Abdu, wato Malam Abdu abokin aikina na shekara bakwai, mabuɗin akwatin da motar ke ciki.

Ashe ya ɗauki motar zuwa sunan ɗansa a Tabotaki, ya cika batiri ɗaya da sharji, ya bar shi a rana har ya kumbura kamar fanke. Bai faɗa mini ba. Sai ya tura shi ƙasan rairayin ya rufe. Ranar Litinin wata ɗaliba ta tono shi, har ta nufi wajen sharji da shi, sai na ƙwace. Ka san mai kumburi wuta yake kamawa, ajinmu kuwa rumfar zana ce, cike da yara.

Da na tambaye shi, dariya ya yi: "Haba Mushe, abin wasa na! Mi za ya yi?"

Yaya, da ya ce ya lalata, da na yafe nan take. Amma ya san hannun su wa ke shiga tukunyar nan, kuma ya yi shiru.

Na karɓe mabuɗina. Ka sa ni a addu'a, don zana ɗaya ce tsakanin ajina da nasa, kuma ban san da wane ido zan dube shi ba. Ka gaida Anti da yara.

Ƙanenka,
Mahamadu