Kokon da Faizal Bai Sha Ba

Levenshulme, Manchester

Zuwa ga Yayata Khaulat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ƙanwa da kewa mai yawa, da fatan takardar nan ta iske ku lafiya, ke da Alhaji Safwan da yara. Yaya Kumasi, yaya gwiwar nan taki? Allah Ya sauwaƙe, Ya ƙara lafiya. Mu nan alhamdulillahi, Hikma ta shiga jami'a a Salford, har ta fara gyara mana Turanci a gida. Na zaɓi in rubuto ne saboda duk sanda na kira ki Mama na gefena, maganar kuwa a kanta ce, ita da autanmu Faizal.

Kin san gudun nan nasa da muke tsokanarsa muna cewa wa ya koro shi. To, abin ya wuce wasa. Akwai wata doguwar hanyar ƙafa a arewa da mu, cikin tsaunuka da laka, wadda masu yawon buɗe ido ke shafe makonni kafin su ƙure ta. Shi da ire-irensa a guje suke bin ta, kowa na son ya kafa tarihin sauri. Faizal ya zaɓi mafi wuya: shi kaɗai, guzurinsa a bayansa, ruwa sai na rafi. Ƙa'idarsu ita ce ba mai miƙa masa ko dabino, ba mai taka masa, ba ɗan'uwan da zai tare shi a hanya. Shekaru ya yi yana shiri, duk hutun da yake samu a asibiti can yake ƙarewa. Da zai tafi ya ɗora mini aiki guda: in riƙe Mama a gida.

Yaya, ke kin san Mama. Matar da ko mai gyaran famfo ba ya fita gidanmu sai ya ci wake da shinkafa. Faizal na ɗauke da wata na'ura da ke nuna inda yake a waya, ɗan ɗigo kawai yana rarrafe a kan taswira. Haka muka zauna a falo ni da ita, ruwa na zuba a waje, ba fita ba aiki, muna gadin ɗigo. Ya motsa ta ce ya ci abinci kuwa, ya tsaya ta ce ya faɗi. Na ce mata lafiyarsa lau, ta ce ɗigo ba ya nuna yunwa. Wallahi falon nan bai taɓa yi mini ƙunci kamar kwanakin nan ba.

Ban san sanda ta kira wanmu Yaya Iddrisu a Birmingham ba, sai ganin motarsa na yi a ƙofa. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya ce tarihi ko ba tarihi ba, bai taɓa jin dokar da ta hana uwa ba ɗanta koko ba, kuma in tuna ni ƙarama ce. Na shiga mota, fulas ɗin kokon ma a cinyata aka ajiye.

Mun tsaya inda hanyarsa ta ratsa titi, da hantsin ranar da zai gama. Da ya gangaro ban gane shi ba: ya zabge, leɓe ya tsage, laka har gwiwa. Yana ganinmu ya tsaya cak, ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Ya durƙusa ya gaida Mama, hannuwansa biyu a baya. Ta tsiyaya koko ta miƙa masa, yana tururi. Ya roƙe ta ta yafe masa, ya ce ba zai iya karɓa ba, ya miƙe ya ci gaba. Sai Mama ta bi shi da kofin, zanenta na jan laka, tana kiransa da sunan da take kiransa yana goye. Ta bi shi har wata ƙofar shinge, bai waiwayo ba. Ta dawo ta juye kokon cikin fulas, muka juyo gida.

Ya gama, kuma ya karya tarihin saurin da yake kora. Amma da kansa ya rubuta wa masu tantancewa abin da ya faru. Suka ce tunda danginsa sun tare shi, har an taka masa, gudun ba na mai tafiya shi kaɗai ba ne. A cikin masu samun taimako kuwa lokacinsa ba ya kusa da na farko. Ya ƙi kofin uwarsa, tarihin ma bai samu ba. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa Mama ba, wai gara ta yi fushi da shi da ta san ita ce sanadi.

Yanzu in baƙi sun zo Mama na gaya musu ɗanta ya kafa tarihi, in sun tafi ta ce ai ya samu abin da ya fi ta. Ranar Juma'a ya zo yana ɗingishi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya ce yana marmarin kokonta. Ta ce gero ya ƙare. Ni na sayo geron nan a Stockport Road, yana nan ko buɗe shi ba a yi ba. Ya ce ba komai, ya dube ni don kada in yi magana. Na gaji, Yaya. In na faɗa na karya zuciyarta, in na yi shiru ina kallon tasa. Ke ce babba, ki gaya mini yadda zan yi.

Ki gaida Alhaji, da Abdulhafiz da ƙannensa, da maƙwabciyarki Celestina. Hikma na gaishe ki. In kin kira Mama, don Allah kada ki taya ta murna.

Ƙanwarki,
Sahada