Abin da Na Zuba a Ramin Rininka

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa Marini.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, ni ne Mamman, ɗanka na fari, wanda mutanen Kontagora suka daina kira da sunansa, sai dai Duba-gari.

Damina ta huɗu ke nan da muka kai ka makwanci. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Ko da tana zuwa ma ba za ka karanta ba, don har ka bar duniya kana ce wa rubutun boko sawun kaji. Amma akwai maganar da na kasa faɗa wa kowa baki da baki, kuma kai ya kamata ka fara ji. Wanda ya leƙa ya karanta, ya karanta. Na gaji da ɓoyewa.

Baba, an cike raminka na karofi. Bara aka cike shi, ina tsaye a wurin. Mutane suna cewa Bature ne ya kashe shi, ni kuma na bar su a haka. Ba shi ba ne. Ni ne.

Ko na rufe ido ina ganin karofin nan: ramukan rini goma sha huɗu a bayan ganuwa, ta wajen rafi, kowanne da murfinsa na kaba, ga soron da kakanmu ya gina tun Turawa ba su san hanyar garin nan ba. A cikinsa ake bugun tufafi, a cikinsa kuke sallar azahar, a kusurwar gabas kake shimfiɗa buzunka. Fulanin Bobi su kawo farin saƙi, matan Kambari su kawo zare, fataken Kumbashi su kwanta a inuwa suna jiran kaya su bushe. Warin wurin kuwa tun daga ƙofar gari ake jinsa. In na toshe hanci sai ka ce warin tuwona nake toshe wa hanci.

Kowane rani kukan kwashe katsi, laka mai nauyin nan da rini ke bari a gindin rami. Ku dunƙula, ku shanya, ku ƙone, ku kwaɓa da gashin jima da ruwan dafara, tsiron nan mai yauƙi, ya zama laso. Da shi ake yaɓe cikin ramukan, da shi ake yaɓe rufin soro, ruwan sama ya yi ta duka bai ratsa ba. Kakan ɗaga kai ka dubi rufin ka ce, “Ranar da ramukan nan suka daina aiki, soron nan ba zai kai damina uku ba.” Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce.

Hannuwanka na guje wa, Baba. Yau zan faɗa. Baƙaƙe da shuni har gwiwar hannu, farce kamar an kwaɓa da tawada, ko ranar Sallah ba sa fita. Da aka sa ni makarantar boko yara suka riƙa ce mini ɗan mai baƙin hannu, na rantse ba zan taɓa muciya ba. Ranar da na dawo gida da kaki da dogon ludayin duba ruwa, an ɗauke ni aikin duba-gari, ka kama tafina ka juya shi, ka sake juyawa. Ka ce, “Hannu dai ya yi fari. Allah Ya sa zuciyar ta bi shi.” Mutanen soro suka yi dariya, ni na ji haushi.

Ka san abin da ya sa na riƙi aikin nan da zafi. 'Yata Hajara ce. Shekararta uku zazzaɓin damina ya ɗauke ta cikin kwana huɗu. Kai ka ɗauke ta zuwa maƙabarta. Har yau ina ganin hannuwanka masu shuni a kan farin likkafani. Bayan nan Baturen likita ya nuna mini tsutsar sauro a cikin kwalba, ya ce daga kwantaccen ruwa take fitowa. Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Na kifar da randunan tsofaffi, na fasa kasko, na kai ƙarar mutanen da suka goya ni. Matan unguwa in sun hango kakina sai su yi ta zubar da ruwa suna Allah-ya-isa. Ban damu ba, kowace tsutsa na gani Hajara nake tunawa.

Bayan rasuwarka karofi ya fara mutuwa a tsaye. Kantuna suka cika da yadi mai launi, ba wari, ba jiran kwana bakwai. Marina suka watse, wasu gona, wasu aikin hanyar mota. Ƙaninka Baffa Sale kaɗai ya rage, da gwiwoyinsa masu ciwo, yana fama da ramuka uku. Sauran suka cika da ruwan sama.

Sai ga umarni daga ofis: duk ramin da aka samu tsutsa a cikin gari, a cike shi. Na sami Baturen na ce masa ramin da ke da rini ba ya yin tsutsa, toka ke kashe ta. Ya saurare ni. Ba mugun mutum ba ne, shi dai bai ga komai a wurin ba sai ramuka da ruwa. Ya ce to, ramuka masu aiki su tsaya, matattu su tafi, ranar Asabar zai zo ya duba da kansa.

Ranar Alhamis na riga shi zuwa. Na ɗaga murfin raminka, wanda ya riga ya ruɓe, na tsoma ludayi. Baba, tsutsa ce fal, tana ta wutsil-wutsil. Na zauna a bakin ramin na rasa abin da ke mini daɗi.

Ka san abin da duba-gari ke yi wa kududdufi. Kananzir ake gaurayawa da baƙin mai a zuba, ya rufe fuskar ruwa, tsutsa ta mutu. Shi na iya, shi aka koya mini. Ranar Juma'a, da gari ya tafi masallaci, na ɗauko garwa guda na juye a raminka. Na bar sallar Juma'a don wannan aiki. Na koma gida ina jin na yi dabara, har da ɗan alfahari.

Asabar Bature ya zo. Ramuka goma aka samu da tsutsa, aka sa musu alama. Naka ya tsira. Fursunoni aka kawo su cike goman, kuma ka san daga ina suka ɗebo ƙasa? Daga ganuwa. Ita ce kusa, sai suka sa mata diga. Katangar da kakanninmu suka ɗauki ƙasarta a ka, ita aka rushe aka binne ramukan da suka haƙa. Ni ke ƙirga kwanduna.

Kafin ya tafi Baturen ya tsaya a kan raminka. Ya ce babu tsutsa, amma babu rini kuma, ruwa na gaba zai mayar da shi gidan sauro. Ya ba da sati biyu. Ko ya tarar da shi yana aiki, ko ya bi 'yan'uwansa.

Na ruga wurin Baffa na ce ya taimaka ya zuba rini a ciki. Ya dube ni. Ya ce, “Kai ma ka sani, ba a sa hannu a ramin mamaci in ɗansa na raye, sai ɗan ya fara kafa rini da hannunsa. Damina uku ina jiranka, Mamman.” Na sani, Baba. Wallahi na sani. Kullum in na wuce ta nan yakan gaishe ni ya dubi ramin, ni kuma in dubi ludayina.

A ranar na tuɓe kaki. Na kwashe ruwan tas, na shiga ciki da igiya a kugu, na kwaso katsin da ke gindi, na rininka na ƙarshe. Baffa ya ce in tara shi a gefe, kada in zubar. Na wanke ramin sau uku da toka, ban gaya masa dalili ba. Yana zaune a kan turmi yana faɗa ina yi: ruwa iya nan, toka iya nan, shuni iya nan. Kullum bayan la'asar in zo in dama da muciyarka har kafaɗuna su yi tsami. Abokan aikina suka fara kallon farcena suna ƙus-ƙus. A karo na farko ban ji kunya ba.

Ka sha faɗa mini rini in ya tashi kumfa yake yi, fuskarsa ta yi sheƙi ja-ja, warinsa ya nuna. Kwana bakwai, shiru. Kwana tara, shiru. Ranar na goma Baffa ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa. Wani maiƙo ne ke yawo a saman ruwan. Ya tsoma yatsa ya shinshina, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce, “Mamman, me ka ba ramin ubanka ya sha?”

Na faɗa masa. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce laso yana shan abu kamar yadda sabuwar tukunya ke sha, man ya riga ya shige jikin ramin, duk rinin da aka zuba zai kashe shi. Magani ɗaya ne, a kankare tsohon lason duka a yi sabo. Wannan kuwa aikin rani ne, kuma katsin ramuka uku ba zai isa ba ko an tara na shekara biyu. Na koma ofis na roƙi a jira rani. Aka ce sauro ba ya jiran rani. Ni ma haka nake gaya wa mutane.

Ranar da wa'adi ya cika, Baturen ya zo ya ga ruwa shuɗi a ramin, ga muciya a jingine. Ya dubi hannuwana ya yi murmushi. Ya tambaye ni da Hausarsa ta hanci, “Wannan rami, yana aiki?” Bai san rayayyen rini da matacce ba. Da na ce e, da ya wuce abinsa. Baffa ya sunkuyar da kai, ya bar ni da Allah.

Na so in yi ƙarya, Baba, na so ƙwarai. Amma rinin da ya mutu ba wanda zai ci gaba da zuba masa toka, sati nawa ne ruwan sama ya tsinka shi ya koma gidan jiya? Ga wani gidan Nufawa a bayan soro, ina jiyo 'yarsu tana kuka, ba ta wuce sa'ar Hajara ba. Na ce masa, “Ya mutu.”

Daga hantsi zuwa la'asar suka gama. Ramin da aka ce kakanmu ya yi rani guda yana haƙa da yaɓe. Yanzu ciyawa ta fito a kai, awaki na kiwo.

Maganarka kan soro kuwa tana cika a gaban idona. Rufin ya tsage ta wuri uku, azara biyu sun fara ruɓa. Watan jiya aka shafa masa jan fenti a bango, alamar ginin da ake tsoron faɗuwarsa. In rufin ya burma kafin kaka, za a rushe sauran. An ce in marina na so a yi musu rumfar kwano. Baffa ya ce a tambayi marinan, in an same su.

Katsin nan naka da na tara a gefe, da rani muka ƙone shi, wuta ta cinye man. Muka haɗa da ɗan abin da ramukan Baffa suka bayar, muka kwaɓa laso. Ni na hau rufin, shi yana ƙasa yana yi mini faɗa ban iya riƙe hannu ba. Bai fi faɗin tabarma biyu ba abin da ya rufe. Baffa ya ce in zaɓi inda zan yaɓe, na zaɓi kusurwar gabas.

Shekaranjiya aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Na bar zagayen unguwa na tafi soro. Ko'ina zuba yake yi, ta tsakiya, ta bakin ƙofa, ta kan kututturen bugu. Na tarar da Baffa ya takure a kusurwar gabas, inda kake shimfiɗa buzu. Nan kaɗai ne busasshe. Ya matsa mini, muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna kallon ginin ubanku yana narkewa. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Har yanzu ina sa kaki da safe, don sauro bai daina kashe yara ba. Da la'asar kuma ina karofi, ina koyon abin da ya kamata in koya a hannunka. Ramuka uku suka rage, kuma ba takarda ko roƙon Bature zai tsare su ba, aiki ne kaɗai. Shi ya sa na bar wasiƙar nan a buɗe, Baba, ko wani cikin mutanen da ka rina wa rigar aure zai tuna hanya, ya kawo ko da ɗan zane guda ne. Ban sani ba ko za su zo kafin rufin ya faɗi.

Ka yafe mini. Na so in tsare maka abinka, sai na tsare shi da abin da baƙi suka koya mini, ban tambayi wanda ya sani ba, alhali yana zaune taku goma daga inda nake.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Allah Ya haɗa ka da Hajara, ka riƙe mini hannunta. Allah Ya ƙara wa Baffa kwana da ƙarfin gwiwa, Ya sassauta mana daminar bana. Amin.

In Allah Ya sa muka haɗu, ka kama tafina ka juya kamar yadda ka yi ran nan. Ya yi baƙi yanzu. Ya dai makara.

Ɗanka,
Mamman
Bakin Karofi, Kontagora